Yadda Ake Girka Linux Kusa da Windows Ba Tare da Asarar Bayanai Ba

Mafi yawan masu fara gwada babbar manhajar Linux ba su cika shan wahala wajen girka ta ba, domin ire-irenta kamar Ubuntu da Linux Mint sun sauƙaƙa wannan aiki ƙwarai. Inda gizo ke saƙa shi ne wajen raba faifan ajiya, wato ware wa Linux wurin zama a faifan da Windows ta riga ta mamaye, kuma galibin matsalolin da ke biyo baya tun kafin a soka filashi a kwamfuta ake jawo su.

Saboda haka daga cikin Windows ake fara aikin. A kwashe duk takardu da hotuna masu muhimmanci zuwa wani faifai na waje, a kuma lura cewa kwafin da aka ajiye a sashen D ba kariya ba ne, domin sau da yawa C da D sassa ne na faifai guda. Bayan haka a duba ko an kulle faifan da BitLocker, wanda kwamfutoci da yawa masu Windows 11 ke zuwa da shi a kunne ba tare da mai su ya sani ba. Idan a kunne yake, a rubuta lambar ceto mai alƙaluma 48 a takarda, sannan a kashe shi kafin a ci gaba. Haka nan a kashe tsarin saurin kunnawa na Fast Startup, wanda ke hana Windows rufe faifan gaba ɗaya idan an kashe kwamfuta, har Linux ta kasa rubutu a sashen Windows.

Sai a gano tsarin da kwamfutar ke tashi da shi. Idan aka rubuta msinfo32 a wurin bincike na Windows, shafin da zai buɗe zai nuna ko sabon tsarin UEFI ne ko tsohon tsarin BIOS. A riƙe wannan amsa da kyau, domin dole ne a girka Linux bisa tsarin da Windows take kai.

Rage girman sashen C ya fi aminci idan Windows ce ta yi shi da kanta. A buɗe diskmgmt.msc, a danna sashen C da ɓangaren dama na linzami, a zaɓi "Shrink Volume". Ubuntu na neman gigabait 25 a ƙalla, amma wannan na farawa ne kawai. Wanda zai yi aiki da ita kullum gara ya ware 60 ko fiye. Wani lokaci Windows takan ƙi sakin wuri mai yawa alhali faifan rabinsa babu komai, saboda akwai fayilolin da ba ta iya gusarwa, irin su fayil ɗin barcin kwamfuta da wuraren maido da tsari. Kashe su na ɗan lokaci yakan warware matsalar. Wurin da aka samu a bar shi haka, kada a yi masa fomatin.

Masu tsofaffin kwamfutoci suna da wani tarko na daban. Tsarin rabon faifai na MBR ba ya ɗaukar manyan sassa fiye da huɗu, kuma kamfanoni da dama sun riƙa sayar da kwamfutoci da dukan huɗun a cike, ta yadda mai girkawa zai ga wurin da ya ware amma manhajar ta ce ba ya amfanuwa. Mafita ita ce a kwashe abin da ke ɗaya daga cikin sassan, a share shi, a ƙirƙiri faɗaɗɗen sashe wanda za a iya yanka ƙananan sassa a cikinsa. Idan Windows ta yi tayin mayar da faifan "Dynamic", a ƙi, domin wannan ƙara dagula lamarin yake yi. Tsarin GPT na sababbin kwamfutoci ba shi da wannan ƙunci, tunda yana ɗaukar sassa har 128.

Shirya filashi ba shi da wuya. A sauke fayil ɗin ISO, wato fayil ɗin girka Linux, daga shafin masu manhajar, a rubuta shi a filashi mai gigabait 8 ko fiye da manhajar Rufus ko balenaEtcher, da sanin cewa duk abin da ke cikin filashin zai goge. Wajen kunnawa, domin a zaɓi tashi daga filashin, ana danna F12 a yawancin Dell da Lenovo, F9 kuma a HP. Idan sunan filashin ya bayyana sau biyu kuma Windows na kan UEFI, a zaɓi wanda aka rubuta UEFI a gabansa. Kafin girkawa a gwada manhajar daga filashin, a tabbatar intanet da sauti suna aiki. Idan kuwa ba ta ga faifan ba sam, galibi tsarin Intel RST ne ya ɓoye shi, sai a mayar da tsarin faifan zuwa AHCI a saitin BIOS, wato shafin saitin da ake shiga tun kafin Windows ta tashi, amma bayan an shirya Windows ta tashi a yanayin kariya na Safe Mode, in ba haka ba tana iya ƙin tashi.

A shafin rabon faifai ne ya kamata a fi natsuwa. Linux ba ta san C ko D ba. Sunaye irin su sda1 da nvme0n1p3 take nunawa, don haka da girman sashe da nau'insa ake gane shi. Babban sashe mai NTFS na Windows ne, ƙaramin nan mai FAT32 da bai wuce ɗaruruwan megabait ba kuma shi ne sashen EFI, inda fayilolin tayar da kwamfuta suke. Ga sabon shiga, zaɓin girka Linux kusa da Windows ya wadatar, kuma a nisanci zaɓin share faifai, domin faifan dukansa yake nufi. Wanda ya zaɓi rabo da hannu zai mayar da wurin da ya ware nau'in ext4 na Linux, ya ba shi alamar / a matsayin tushe, ya nuna sashen EFI da ke nan ba tare da yi masa fomatin ba. A ganina ware sashen /home na ajiye fayilolin mai kwamfuta daban bai zama dole ga mai koyo ba, haka ma sashen swap, wanda ke taimaka wa ƙwaƙwalwar kwamfuta idan ta cika, tunda Ubuntu ta koma amfani da fayil maimakonsa tun 2017. A tabbatar kwamfutar na jone da wuta, domin mutuwarta ana tsakiyar rubutu na iya lalata teburin sassan.

Idan an gama, jerin zaɓi na GRUB zai fito a duk kunnawa, ɗauke da Linux da Windows. In kwamfutar ta zarce Windows kai tsaye, Linux ba ta ɓace ba. A shiga saitin BIOS a ɗaga sunanta sama a jerin tashi. Saura agogo, wanda kan sauya da wasu awanni duk lokacin da aka koma Windows, saboda Linux na ajiye lokacin duniya na bai-ɗaya, wato UTC, a agogon na'ura, Windows kuwa lokacin gari take ajiyewa. Rubuta umarnin timedatectl set-local-rtc 1 a tashar umarni ta Linux yana daidaita su.