Koyon Walda a Kaduna: Ta Ina Za Ka Fara?

Hanya biyu ce: makarantar koyon sana'a, ko zama ƙarƙashin wani oga a Panteka, kasuwar masu aikin ƙarfe ta Kaduna. Wanda ya haɗa biyun ya fi cin riba, domin takardar Trade Test (jarrabawar sana'a) ta Ma'aikatar Ƙwadago, da ake hawa daga mataki na III zuwa na I, ita ce kamfanoni ke tambaya, amma a gaban ƙarfe hannu ke nuna gwani.

Fara da ilektirod (sandar walda) E6013 geji 12, wato mai kaurin milimita 2.5, wuta tsakanin amfiya 70 zuwa 90. Goge tsatsa da fentin da ke jikin ƙarfen tukuna. Tazarar bakin ilektirod da ƙarfe kada ta wuce kaurin ilektirod ɗin. In yana mannewa, wuta ta yi kaɗan. In ƙarfe na hujewa, ta yi yawa ko hannunka na nawa. Ɗiga walda a gefe-gefe kafin ka ja dogon layi, in ba haka ba zafi zai murɗe aikin. Kankare ɓawon da ke taruwa a kan kowane layi kafin ka ɗora wani.

Baƙin tabarau na kasuwa ba kariya ba ne. Nemi garkuwar fuska mai gilashi lamba 10 ko 11. Bututu mai rufin zinki kuwa, a fili ake waldarsa, hayaƙinsa na sa zazzaɓi.