Shirin Hunturu a Gidan Kano, Tun Kafin Hazo Ya Sauka

Da zarar ruwa ya ɗauke a watan Oktoba, kika fara jin leɓenki yana bushewa da asuba, to lokacin shiri ya yi. A Kano sanyi yakan fara leƙowa ne a ƙarshen Nuwamba, ya zauna daram a Disamba da Janairu, sannan ya sassauta cikin Fabrairu. Iskar daga arewa maso gabas take zuwa, kuma da yawa daga ƙurar da take ɗauko mana daga kwarin Bodele ne a arewacin ƙasar Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar gari mai laushi. Ita ce ke zama hazon da ke hana a hango dutsen Dala daga Gwammaja, wani lokacin har jirage su kasa sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano. Da dare ma'aunin zafi kan sauko zuwa digiri 12 ko 13, wani daren ma ƙasa da haka, da rana kuma ya koma kusan 30.

Gidajenmu don zafi aka gina su: siminti, rufin kwano, manyan tagogi. Shi ya sa sanyin da wasu ƙasashe ba za su kira sanyi ba yake shiga mana har ƙashi. Abin da ya fi damuna kuwa shi ne, uwar gidan da sanyi ya riska ba shiri ita ce ke jawo kaskon wuta cikin ɗaki da tsakar dare. Duk abin da zan lissafa, manufarsa kada ki kai ga wannan.

Ki fara da akwati. Ki fito da barguna da rigunan sanyin bara, ki wanke, ki shanya a rana tun tana da ƙarfi, domin kayan da suka yi damina a rufe suna ɗauke da warin raɓa mai tayar da tari. Ki gwada wa kowane yaro nasa. Rigar yayan ta koma kan ƙane, sai ki san abin da ya rage a saya. Ni Ƙofar Wambai nake zuwa neman suwaita da safa da hular sanyi na gwanjo, bargo kuma Kantin Kwari, kuma a farkon Nuwamba nake zuwa. Ranar da sanyi ya sauka, ranar kaya ke tashi, masu kyaun kuma an riga an tsince. Gwanjo dai kada ya taɓa jikin yaro sai an wanke shi da ruwan zafi. Ga ɗan makaranta, riguna biyu marasa nauyi da suwaita a sama sun fi babbar jaket ɗaya, saboda yana fita cikin sanyin safe ne ya dawo cikin zafin azahar, yana bukatar abin da zai iya tuɓewa ya cusa a jaka.

Sai ƙasa. Daɓen siminti da tayil suna zuƙe ɗumin jiki, don haka katifar da ke kwance kai tsaye a ƙasa ba ta riƙe ɗumi ko an lulluɓa da bargo biyu. Ki shimfiɗa tabarma ko tsohuwar darduma a ƙarƙashinta. In babu, kwali ma yana yi sosai.

Ki zaɓi wata rana ki shiga kowane ɗaki da hantsi, ki rufe ƙofa da taga, ki duba inda haske ke shigowa. Nan iska da ƙura za su bi. Gilashin taga da ya fashe a canza shi, ko a toshe da kwali mai kauri. Ƙasan ƙofa a naɗe tsohon zane a tokare. In silin ya ɓalle a wani gefe, maigida ya kira kafinta yanzu, domin iskar da ke shiga ta ƙarƙashin kwano ta nan take gangarowa kan masu barci. Tagogin da ke kallon gabas da arewa su suka fi bukatar labule mai kauri. Amma kada ki toshe ɗaki ruf. Ki bar ƙaramar kafa ta sama a ɓangaren da iska ba ta bugowa, musamman inda mutane da yawa ke kwana.

Yanzu ga maganar gawayi, kuma ina roƙon ki karanta wannan a nutse. Garwashi a ɗaki rufe yana fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Mutane da yawa suna cewa ai sun bari gawayin ya ruru a waje hayaƙi ya ƙare kafin su shigo da shi. Hayaƙin ne ya ƙare, gubar tana nan tana fita muddin garwashin yana ja. Tana kama jini fiye da iskar da muke shaƙa sau sama da 200, sai jiki ya rasa abin da yake rayuwa da shi. Mai ido biyu zai ji ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala. Mai barci kuwa ba ya jin komai, barcin ne kawai ke ƙara nauyi. Jarirai, masu ciki da tsofaffi ta fi saurin kayarwa. In kika ga mutanen ɗaki ɗaya sun tashi da ciwon kai tare, ko wani ya ƙi farkawa sosai, a buɗe ƙofa da tagogi, a fito da kowa tsakar gida, a wuce asibiti ko da sun ce sun ji sauƙi. Janareta ma wannan gubar yake fitarwa, don haka ba a shigar da shi soro ko lungun ɗaki a rufe don tsoron ɓarawo.

Jin ɗumi a tsakar gida ko ƙarƙashin rumfa buɗaɗɗiya, ba laifi, ana hira ana gasa gyaɗa, babba yana lura da yara. Idan an tashi, a kashe da ruwa.

Surukata ta saba da kasko tun ƙuruciyarta, kuma sanyi na taɓa mata gwiwoyi. Abin da nake yi mata, bayan isha'i sai in cika gorar roba mai kauri da ruwan ɗumi, wanda hannu ke iya jurewa, in ɗaure murfin tam, in naɗe da tawul in sa a ƙarƙashin bargonta wajen ƙafa. Kafin ta gama lazimi shimfiɗar ta yi ɗumi. Nakan ce, "Hajiya, ga safarki, ga filas na alwalar asuba nan kusa da gado." Takan ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan." Filas babba yana daga cikin abin da ya fi cancanta a kashe wa kuɗi a wannan lokacin, domin yana raba tsoho da fita hura wuta cikin duhu.

Gobara ita ce ɗaya haɗarin. A hunturu katako, katifa, labule, komai ya bushe ƙayau, ga iska tana hurawa. Duk Bakano yana tuna gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris na 2016, wadda ta cinye dubban shaguna a dare ɗaya. A gidaje kuwa, hitar dafa ruwa ce kan gaba. An tsoma ta a bokitin roba, an ɗauke wuta, an manta an fita. A dawo da wuta, ruwa ya ƙone, roba ta kama. Dokar gidana ita ce, da an ɗauke wuta a zare hita da dutsen guga daga soket, ba a kashe makunni kawai ba. Kada a haɗa hita da wasu kaya a kan ƙaramar waya mai rassa, in kuma soket ya yi baƙi ko yana zafi a kira mai gyara. Tiyon tukunyar gas yana tsagewa da bushewa. Ki shafa masa ruwan kumfar sabulu, in kumfar ta riƙa tashi to yana yoyo, a canza. Fetur ba ya kwana a ɗaki. Turaren wuta da maganin sauro na kunnawa a nisanta su da labule da bakin gado. Ki ajiye bokitin yashi kusa da kicin, kowa a gida ya san inda mukullin ƙofar waje yake ko cikin duhu, tunda tagoginmu duk ƙarfe ne ba a fita ta nan. Lambar neman agajin gaggawa ta ƙasa ita ce 112, ki kuma nemi ta ofishin kashe gobara mafi kusa ki rubuta a bango.

Ruwan wanka: a fara zuba na sanyi a bokiti, sannan na zafi, kada a bar tafasasshen ruwa a tsakar gida a tafi ɗauko soso. In yaro ya ƙone, a yi ta kwarara ruwan sanyi a wurin na minti 20. Ba man goge baki, ba ƙwai, ba manja.

Ƙura ba a gama yaƙi da ita, rage ta ake yi. A yayyafa ruwa kafin shara, a goge kaya da jiƙaƙƙen tsumma maimakon kakkaɓewa. Randa, tanki da rijiya su samu murfi. Masu sola su riƙa wanke faifan da safe, don ƙura na rage wutar da yake tarawa.

Fata kuwa tun ba ta tsage ba ake kula da ita. Man kaɗanya na kasuwar Kurmi nake saye, in narka shi da ɗan man kwakwa don ya yi laushi. A shafa shi da an fito wanka jiki da sauran danshi, shi ne yake riƙe ruwan. Mai kaushi ya jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi da dare, ya goge da dutse, ya shafa basilin ya sa safa, kafin ya zama faso mai jini. Yara su sha ruwa ko ba su nema ba, don sanyi na ɓoye ƙishi. In haɓo ya zo, yaro ya sunkuyar da kai gaba, a matse tattausan wurin hanci minti 10. Ɗaga kai sama jinin yake turawa maƙogwaro.

Gidan da ke da mai asma, a duba abin shaƙarsa yanzu, a ga bai ƙare ba kuma kwanan watansa bai wuce ba, a tanadi takunkumi na ranar hazo. Mai sikila kuma sanyi da ƙarancin ruwa a jiki suna tayar masa da ciwo, don haka shi ba ya wanka da ruwan sanyi, ba ya fita da asuba ba rufi. Ga ƙananan yara, mura daban, limoniya daban, kuma ana iya ganewa a gida. Ki ɗaga rigar yaro yana kwance a natse, ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. Ɗan ƙasa da wata 2, in ya kai 60. Daga wata 2 zuwa 11, in ya kai 50. Daga shekara 1 zuwa 5, in ya kai 40. Duk yaron da ya kai adadin nasa, ko kika ga ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki in ya ja numfashi, to asibiti a ranar, ba shagon magani ba. Ki duba katin rigakafinsa ma, domin ƙyanda a rani take yaɗuwa. Jariri a sa masa hula da safa, amma kada bargo ya rufe masa fuska.

Kayan kunu a saye su da kaka suna araha: gero, gyaɗa, tsamiya, da citta, kanumfari da masoro na shayi. Yaron da ya sha kunu mai zafi kafin ya fita ya fi jure sanyin hanya. In kina da almajirin da ke yi miki aike, ki ware masa riga da bargo cikin abin da kika fitar daga akwati, ki kuma ja masa kunne kan ƙona taya da leda don jin ɗumi, hayaƙinsu yana lalata ƙirji.

Idan Fabrairu ta raba kika ji dare ya fara ɗumi, ki cire tsummokaran ƙofa da kwalayen taga ba tare da jinkiri ba. Daga nan zuwa Afrilu ne sanƙarau ya fi kamawa, kuma cunkoso a ɗakin da iska ba ta ratsawa yana taimaka masa yaɗuwa. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, ko a babba ko a yaro, ba a kwana da su a gida.