Yadda na gyara daɓen katakon falona da ke ta ɓarewa

Alhamdulillahi an rabu da wannan ciwon kai. Banish ɗin da aka shafa wa daɓen ya ƙi kamawa, sai danƙo, in ka ja kujera ya taso kamar fatar albasa. Na ɗauka laimar damina ce na kunna fanka, shiru. Aka ƙara shafi, abin ma sai ya ƙara muni.

Ashe tsohon kakin folish ne a ƙasa, kuma polyurethane, wato irin banish ɗin da aka shafa, ba ya kama saman kaki ko kaɗan. Sai aka kankare komai da injin samfefa har katako ya fito fes, aka fara da samfefa mai kaushi lamba 40, sai 80, sai 120 mai laushi, ana bin tsawon katakon ba a gicciye ba. Na zuƙe ƙurar da injin shara na bi da tsumma mai ɗan laima.

Na zaɓi polyurethane mai ruwa, don mai mai yana sa katako ya yi rawaya ga wari ga jinkirin bushewa. Kar a girgiza gwangwanin, juyawa ake a hankali saboda kumfa. Shafi siriri sau 3, awa 4 tsakani, ana ɗan gogawa da samfefa lamba 220. Kafet kuma sai bayan mako 2. Allah ya saka wa kafintan da ya gano kakin.