Babi na Shida: Auna Esi da Janareta don Shagon Kwantena

Kwantenar ƙarfe da aka mayar shago ko ofis tana ɗaukar zafi fiye da ɗakin bulo. A watannin bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin Sakkwato da Maiduguri da Damagaram kan haura digiri 40, ƙarfen kuma ya yi zafin da hannu ba ya iya taɓawa. Mai shago sai ya sayi esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya haɗa ta da janaretan da yake da shi. Da injin matsa iska na esin, wanda masu gyara ke kira kwamfuresa, ya tashi, sai janaretan ya yi gurnani, ƙwai su dushe, komai ya mutu. Sau da yawa babu abin da ya lalace. Lissafi ne ba a yi ba. Ana fara lissafin daga zafin ɗaki, sannan esi, janareta shi ne na ƙarshe.

Auna ɗakin tukuna

Kwantena mai ƙafa 20 tana da tsawon mita 5.9 da faɗin mita 2.35 daga ciki, wato kimanin murabba'in mita 14. Mai ƙafa 40 ta ninka haka. Ana auna ƙarfin sanyin esi da ma'aunin BTU, kuma za ka ga lambar a takardar da ke liƙe a jikinta. Wadda kasuwa ke kira doki ɗaya BTU 9,000 ce. Doki ɗaya da rabi 12,000. Doki biyu 18,000.

A ƙasa mai zafi irin tamu, a ware BTU 600 ga kowane murabba'in mita. Sai a ƙara 600 ga kowane mutum bayan biyun farko. Kayan wuta ma suna fitar da zafi: kowane wat ɗaya yana ƙara BTU 3.4. Ɗauki shagon magani cikin kwantena mai ƙafa 20, da mutum huɗu a ciki, da ƙaramin firji mai wat 150, da fanka mai wat 70, da ƙwai huɗu masu wat 10, da kwamfuta da caja masu cin wat 60. Kayan sun tashi wat 320. Ɗakin, 14 sau 600, ya ba da 8,400. Ƙarin mutum biyu 1,200. Kayan wuta kimanin 1,100. Jimla 10,700. Doki ɗaya ya gaza, sai doki ɗaya da rabi.

Wannan lissafi yana aiki ne kawai idan an tare zafin rana. A liƙa soso mai kaurin santimita 5 a bango da sama, a rufe shi da falle-fallen katako, a kuma ɗora rumfar kwano a saman kwantenar da tazarar da iska za ta ratsa. Farin fenti a waje yana taimakawa sosai. Ƙarfe tsirara a tsakiyar rana zai iya gajiyar da esi mai doki biyu, kuma kuɗin soso da rumfa sau ɗaya ake biyansa, na fetur kuwa kullum ne. Idan da hali, a nemi esin da aka rubuta wa T3, domin don ƙasashe masu tsananin zafi aka ƙera ta. Mai alamar T1 an yi ta ne don zafin da bai wuce digiri 43 ba.

Wutar tashi daban, wutar aiki daban

Nan ne yawancin mutane ke faɗawa asara, don haka a karanta a hankali. Esi mai doki ɗaya da rabi tana cin kimanin wat 1,200 idan tana aiki. Amma a daƙiƙar da kwamfuresa ke tashi, yana fizgar ninki biyu da rabi zuwa uku na wannan, wani lokaci fiye. Duk wanda ya taɓa tura kurar ruwa cike da jarkoki ya san tayar da ita daga tsaye ya fi ci gaba da tura ta wuya. Kuma tashin nan ba sau ɗaya ba ne a wuni. Duk lokacin da ɗaki ya yi sanyi kwamfuresa zai tsaya, ya sake tashi alhali firji da fanka suna kan wuta. Saboda haka lissafin shi ne 1,200 sau biyu da rabi, wato 3,000, a ƙara 320 na sauran kaya. Ana bukatar janaretan da zai iya ba da wat 3,300 a wannan ɗan lokaci.

Kada a dogara da babbar lambar da aka zana a jikin tanki. A duba ƙaramin allon da ke gefen injin. Akwai lambobi biyu a kai: ƙarfin da yake iya riƙewa tsawon wuni, da ƙololuwar da yake kaiwa na ɗan lokaci kaɗan. Idan da kVA aka rubuta, a ninka da 0.8 don a sami abin da za a dogara da shi. Mai 2.5 kVA wat 2,000 ke nan, mai 3.5 kVA wat 2,800, mai 4 kVA wat 3,200. Ga shagon nan, 4 kVA ne ya dace, domin wat 3,300 ɗin na ɗan lokaci ne, ƙololuwarsa ce za ta ɗauke shi. Mai 3.5 zai iya tayar da esin da sanyin safiya, amma da azahar, lokacin da iskar gas ɗin cikin esi ta yi zafi ta ƙara wa kwamfuresa nauyi, sai ya kasa. Ƙaramin injin nan da ake gauraya masa fetur da baƙin mai ba ya ma kai wat 1,000, ba a zancensa a nan.

Wurin da kake ma yana rage ƙarfin inji. Duk hawan mita 300 sama da teku yana cin kimanin kashi 3.5 cikin ɗari, saboda iska ta yi sauƙi. A Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, injin wat 3,200 zai koma kimanin 2,750.

Esi mai inbata tana sauya lissafin gaba ɗaya, domin kwamfuresanta a hankali yake tashi, ba ya fizga. Abin lura kawai shi ne kada jimlar kayan, wat 1,520, ta wuce kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na ƙarfin riƙon injin. Mai 2.5 kVA ya wadatar, muddin yana da na'urar daidaita wuta ta AVR, don allon lantarkin irin wannan esi ba ya jure wuta mai hawa da sauka. Ta fi tsada a saye, amma rangwamen kuɗin janareta da fetur yakan cike gurbin.

A yi hattara da kayan gwanjo. A Amurka akwai tirelar kwana da ake ja da mota, mai esi a kan rufi, yawanci BTU 13,500. Wutar bolt 120 esin take sha, tamu kuwa 220 zuwa 230 ce. Idan aka jona ta kai tsaye, ƙonewa za ta yi.

Haɗawa da kunnawa

A ja wayar tagulla mai kaurin murabba'in milimita 2.5 daga janareta zuwa esi mai doki ɗaya da rabi, da makashin kariya mai amfiya 16. Idan nisan ya wuce mita 20, ko esin doki biyu ce, a sa mai kaurin 4. Siririyar waya tana zafi, tana rage wutar da ke isa, sai kwamfuresa ya riƙa ƙugi bai tashi ba har ya ƙone. Idan ana samun wutar NEPA, dole a sa canjoba, wato makunnin da ke sauya wuta tsakanin NEPA da janareta. Jikin kwantena ƙarfe ne, don haka mai wayarin ya kafa sandar at, wato ƙarfen da ke kwashe wutar da ta zurare, a ƙasa ya ɗaure ta da jikin kwantenar da na janareta.

A bar injin ya yi minti biyu yana aiki kafin a ɗora masa kaya, a fara da esi, sauran su biyo baya. Idan wuta ta ɗauke, a jira minti 3 cif kafin a sake kunna esi, don gas ɗin ya daidaita. Wanda ya yi gaggawa a nan shi ke sayen kafasito, wato abin da ke taimaka wa kwamfuresa tashi, da kwamfuresan kansa.

Janareta ya kasance a fili, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, bakin salansa yana kallon nesa. Hayaƙinsa na ɗauke da gubar da ba ta da wari ko launi, kuma kwantenar da aka toshe don sanyi ba ta da inda za ta fitar da ita. Ciwon kai da jiri da tashin zuciya alama ce: a fita waje nan take, a kashe injin. Kada a zuba fetur yana aiki ko yana da zafi.

A canza baƙin mai bayan awa 20 na farko, sannan duk awa 50 zuwa 100. Da hunturu a wanke matatar iskar janareta da ragar esi kowane mako, domin ƙura na shaƙe su duka biyun.

Aikin gwaji: kwantena mai ƙafa 40 ce, an sa mata soso da rumfa, da mutum shida da kayan wuta na wat 500. BTU nawa take bukata? Esi ɗaya mai doki biyu za ta isa?