Kafin ka zuba kuɗi kan tsohuwar a-kori-kura

In an kai ka ganin tsohuwar Peugeot 404 bashe (mai rufin tamfol a baya) ko 504 a wani gareji a Tahoua, kada fenti ya ɗauke maka hankali. Ni ƙarƙashi nake fara shiga. Ƙwanƙwasa sasi, wato ƙarfen da ke ɗauke da jikin mota, da guduma, musamman wajen da sifirin ke kamawa. Motar da ta yi shekaru tana dakon albasa daga Galmi, a wajen nan ne take karyewa a yi mata walda. Sasi mai walda biyu, rage rabin kuɗin ko ka tafi abinka.

Riƙe ɗan maganaɗisu. Inda ya ƙi kama jikin mota, an cike rami ne da mastik.

Inji kuwa a tashe shi da sanyin safiya, ba wanda aka riga aka ɗumama maka ba. In ka ga shuɗin hayaƙi, yana ƙona man inji. Ka ciro sandar gwajin man inji, in man ya yi kalar shayi da madara, ruwa ya shiga.

504 ta fi daraja a wurina, don a da an daɗe ana haɗa ta a Kaduna, kayanta suna samuwa ta Ƙonni. Ka tabbata lambar sasi ta dace da ta kart-giriz, wato takardar rajistar mota, takardar duwan ma ka gani da idonka.