Yadda ake gyara faifan yatsa na MacBook bayan an ɗora masa Windows

A Yamai ba abin mamaki ba ne ka ga ɗalibi riƙe da MacBook na hannu, amma da ya buɗe sai ka tarar Windows ce a ciki. Dalilin a fili yake: akwai manhajojin da karatu ko aikin ofis yake buƙata, irin su ArcGIS Pro na zanen taswira da Microsoft Access na ajiyar bayanai, waɗanda a kan Windows kaɗai suke aiki. Ɗan yayata da yake karatu a Jami'ar Abdou Moumouni yana cikin waɗannan, kuma shi ne ya fara kawo mini kukan cewa tun da aka sauya masa tsarin aikin kwamfutar, faifan gilashin nan da ke ƙasan madannai, wanda ake jan yatsa a kansa a maimakon linzami, ya zama kamar ba shi ba. Yana jan shafi da yatsu biyu sai shafin ya riƙa tsalle, yana ware yatsu don ya ƙara girman taswira babu abin da ke motsi, yatsu uku kuwa ko sanin da su faifan bai yi ba. Har ya fara tunanin gilashin ne ya lalace.

Gilashin lafiyarsa ƙalau. Matsalar tana wajen ƴar ƙaramar manhajar da ke tsakanin faifan da Windows, wadda ake kira direba, masu gyara a nan kuma suke ce mata pilot. Aikinta kamar na tafinta ne: faifan yana jin kowane yatsa da ya sauka a kansa, da inda ya sauka, da inda ya nufa, sai direba ta isar wa Windows da saƙon. Direbar da ta daɗe tana zuwa tare da Boot Camp, wato hanyar da Apple ya buɗe tun 2006 don a ɗora Windows a kan kwamfutocinsa masu injin Intel, tana gabatar da faifan ne a matsayin linzami na yau da kullum, saboda haka abin da take isarwa bai wuce dannawa da dannan dama da jan shafi ba. A ɗaya ɓangaren, tun daga Windows 8.1 a 2013 Microsoft ya fito da wani tsari mai suna Precision Touchpad, inda faifan yake miƙa wa Windows bayanan yatsu yadda suke, ita kuma Windows ta fassara su da kanta. Duk abin da za mu yi a nan shi ne mu sa faifan MacBook ya yi magana da Windows ta wannan tsari na biyu.

Kafin a taɓa komai, sai ka san wace kwamfuta ce a hannunka, domin a nan ne hanya ta rabu biyu, kuma mafi yawan waɗanda suka wahala sun wahala ne don sun tsallake wannan mataki. Ka danna maɓallin Command tare da R, tunda a kan madannan Apple maɓallin Command shi ne yake zama maɓallin Windows, sannan ka rubuta msinfo32 a ƴar tagar da ta fito. A shafin da zai buɗe akwai layin da ke nuna samfurin na'urar, inda za ka ga wani abu kamar MacBookAir7,2 ko MacBookPro9,2. Na farkon shi ne MacBook Air mai inci 13 na 2015 ko 2017, na biyun kuma MacBook Pro mai inci 13 na tsakiyar 2012, mai ramin faifan CD a gefe, wanda har yau yake yawo a hannun mutane saboda ƙarkonsa. Kada ka dogara da shekarar da mai sayarwa ya faɗa maka, domin lambar da ke rubuce a bayan kwamfutar, misali A1466, ta haɗa MacBook Air na shekaru da yawa, daga 2012 har 2017.

Idan kwamfutarka tana cikin masu ɗauke da ɗan guntun tsaro na T2, wato MacBook Pro da MacBook Air masu injin Intel daga 2018 zuwa 2020, to aikinka ya zo da sauƙi, kuma ba ka buƙatar direbar kowa. A watan Yuni na 2021 Apple ya fitar da Boot Camp 6.1.15, wanda ya kawo wa waɗannan kwamfutoci tsarin Precision Touchpad. Ka nemi Apple Software Update a cikin jerin manhajojin Windows, ka bar shi ya duba, ka karɓi sabuntawar Boot Camp, ka sake kunna kwamfutar. Shi ke nan. Masu injin M1 da waɗanda suka biyo bayansa tun daga ƙarshen 2020 kuwa ba su da Boot Camp ko kaɗan, don haka wannan bayani bai shafe su ba.

Sauran, waɗanda su ne suka fi yawa a hannun ɗalibai da ƙananan ma'aikata a garin nan, su ne suke buƙatar direbar da ba ta Apple ba. Akwai guda biyu da aka fi sani. Ta farko ita ce Trackpad++, wadda ta daɗe kuma take zuwa da nata shafin saiti daban. Ta biyu ita ce mac-precision-touchpad, wadda take a buɗe a shafin GitHub, inda masu rubuta manhaja suke ajiye ayyukansu, kyauta, kuma kowa yana iya karanta yadda aka rubuta ta. Ni ta biyun nake ba mutane shawara, saboda ba ta ƙirƙiro wata sabuwar hanya ba, tana sa faifan ya bi tsarin da Windows ta riga ta sani ne, ta yadda duk saitin zai koma cikin shafin saiti na Windows ɗin kanta. Abin da ba a yi shi ne a haɗa su biyun a kwamfuta ɗaya. Idan an taɓa ɗora Trackpad++, wajibi ne a cire ta gaba ɗaya a sake kunna kwamfutar kafin a ci gaba. Amma sauran manhajojin Boot Camp a bar su inda suke, domin sauti da hasken madannai da wayarles duk a kansu suke rataye.

A nan zan ɗan tsaya a kan inda ake samo direba, domin abin yana damuna ƙwarai. Direba ba kamar sauran manhajoji ba ce. Tana shiga can cikin zuciyar Windows, inda take da iko a kan kusan komai. Al'adarmu ta karɓar kile daga hannun aboki a kwafi duk abin da ke ciki, ko a shiga shafin farko da injin bincike ya nuna a danna babban koren maɓalli, ita ce hanyar da ƙwayoyin cutar kwamfuta suka fi bi su shigo. Ka shiga GitHub da kanka, ka nemi sunan aikin, wato mac-precision-touchpad, ka je sashen da ake ajiye fitowa ta baya-bayan nan, ka sauko da wadda aka rubuta wa amd64. Kada sunan ya ruɗe ka don injinka na Intel ne, haka ake kiran duk Windows mai bit 64 ta irin waɗannan kwamfutoci. Fayil ɗin ƙarami ne, ba zai cinye maka forfe ba. Kuma idan a wani wuri aka ce sai ka kashe binciken sa hannun direbobi kafin ta shiga, to ka bar wannan fayil ɗin, ba shi kake nema ba.

Sai shiri guda uku. Ka tanadi linzamin waje mai igiyar USB, ko na aro ne. Ranar da na fara yin wannan aiki ban tanada ba, na cire tsohuwar direba, faifan ya yi shiru, na kwashe kusan awa ɗaya ina lalube da maɓallin Tab da kibiyoyi kafin in kai inda nake so. Ba na fatan wani ya sha wannan wahala. Idan hakan ta same ka, Command tare da X yana buɗe jerin da za ka iya bi da kibiya ka shiga wurin sarrafa na'urori. Na biyu, ka tabbata batir ya cika, musamman a watannin Afrilu da Mayu da wuta take yawan ɗaukewa, domin ba a son kwamfuta ta mutu ana tsakiyar sauya direba. Na uku, ka rubuta point de restauration a wurin bincike, tunda galibin Windows ɗinmu da Faransanci suke, ka ƙirƙiri wurin komawa, ka sa masa suna da kwanan wata. Minti biyu ne, amma shi ne zai mayar da kai gida idan abu ya rikice.

Ɗorawar kanta ba ta da tsawo. Fayil ɗin da ka sauko da shi a ƙunshe yake, saboda haka ka yi masa dannan dama ka zaɓi Extraire tout, kada ka yi ƙoƙarin ɗorawa daga cikin ƙunshin, domin direbar tana buƙatar ƴan uwanta fayiloli su kasance a kwance kusa da ita. A cikin foldar da ta fito za ka ga fayil mai suna AmtPtpDevice.inf. Ka yi masa dannan dama ka zaɓi Installer, Windows za ta nemi izininka, ka ba ta. Faifan yana iya ɗaukewa na ɗan lokaci, wannan ba komai ba ne. Ka sake kunna kwamfutar ko da ba ta nema ba.

Don ka tabbatar aiki ya yi, ka shiga Paramètres, sannan Périphériques, sannan Pavé tactile. A Windows 10 za ka ga rubutu a saman shafin yana cewa kwamfutarka tana da faifai na Precision, kuma shafin da a da ba shi da komai sai layi ɗaya ko biyu yanzu ya cika da zaɓuɓɓuka. Ka ɗora yatsu uku ka tura su sama: duk tagogin da ke buɗe za su baje a gabanka. Ka jawo su ƙasa, tagogin su kauce ka ga fuskar kwamfuta. Hagu ko dama yana sauya ka daga wata manhaja zuwa wata. Yatsu huɗu hagu ko dama suna kai ka daga wani teburin aiki zuwa wani, kuma wannan ne ɗan yayata ya fi jin daɗinsa, domin yana ajiye taswira a tebur ɗaya, rubutun rahotonsa a ɗayan, yana kai da komo da shafa ɗaya. Command da Ctrl da D suna buɗe sabon tebur. Na tsaya a kansa ranar yana ware babban yatsa da manuni a kan taswirar kogin Isa, gadar Kennedy tana matsowa a hankali ba tare da tsalle ba, bai ce komai ba sai da ya maimaita abin sau uku.

Akwai saiti biyu da nake ganin ya kamata kowa ya duba. Na farko shi ne inda shafi yake nufa idan ka ja yatsu biyu. Wanda ya saba da macOS, tsarin aikin Apple da MacBook yake zuwa da shi, yana son shafin ya bi yatsunsa kamar a waya, wanda ya taso da Windows kuma sau da yawa yana son akasin haka, kuma duk biyun suna nan a zaɓa. Na biyu shi ne ƙarfin jin faifan. Faifan MacBook faffaɗa ne, musamman na 2016 zuwa sama, don haka gefen tafin hannu yana yawan shafarsa idan ana rubutu, sai ka ga harafi ya faɗa tsakiyar wani layi daban. Idan hakan yana faruwa, ka rage ƙarfin jin zuwa matsakaici ko ƙasa da haka. Daga yanzu kuma ka manta da shafin faifai na cikin Boot Camp, a shafin Windows za ka riƙa yin komai.

Wani lokaci bayan an sabunta Windows ko Boot Camp, tsohuwar direba tana komawa mazauninta, sai ka wayi gari yatsu uku sun daina aiki. Maganin shi ne ka sake yin dannan dama a kan fayil ɗin nan ka ɗora, shi ya sa nake cewa a adana foldar kada a share ta. Idan kuma sabuwar direbar ce ba ta zauna da kwamfutarka ba, ka shiga Gestionnaire de périphériques da linzamin waje, ka nemi na'urar faifan Apple, ka cire ta tare da sa alama a akwatin da ke cewa a share direbar, ka sake kunnawa. Idan duk wannan bai yi ba, ga wurin komawar da ka ƙirƙira.

Akwai kuma cutar da babu direbar da ke warkar da ita, kuma a ƙasa mai zafi irin tamu tana da yawa. A yawancin MacBook batir yana kwance ne a ƙarƙashin faifan, kuma idan ya tsufa ya sha zafi yana kumbura ya tura gilashin sama. Ka ajiye kwamfutar a kan tebur mai faɗi ka duba ko tana rawa, ka sunkuya ka kalli gefen faifan ko ya ɗago sama da jikin ƙarfen, ka ji ko dannawar ta yi tauri. Idan ka ga haka, ka cire caja ka kai a sauya batirin da gaggawa, kada ka matsa gilashin da ƙarfi, domin kumburarren batir yana iya kamawa da wuta. MacBook Pro daga 2015 da MacBook Air daga 2018 faifansu ba ya lotsawa da gaske, wani ɗan inji ne a ƙasa yake bugawa ka ji kamar ya danna, saboda haka idan kwamfutar tana kashe ka ji shi ƙam, lafiyarsa ƙalau. Ƙurar hunturu da gumin bazara su ma suna rikita faifan, tunda da ɗan lantarkin jikin fata yake gane yatsa. Ƙyalle mai laushi da aka ɗan jiƙa aka matse sosai ya isa, bayan an kashe kwamfutar.

Abu na ƙarshe da ya kamata mai irin wannan kwamfuta ya sani shi ne Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma Boot Camp bai karɓi Windows 11 a hukumance ba. Wanda ya gaji da wannan tsaka mai wuya ya koma Linux, wani tsarin aikin kwamfuta na daban, zai tarar cewa tun daga GNOME 40 na 2021, ɗaya daga cikin fuskokin aiki na Linux, motsin yatsu uku yana aiki ba tare da an ɗora wata direba ba, sai dai manhajojin da suka kai shi ga Windows tun farko ba za su bi shi can ba.