Yadda Ake Gano Matsalar Haɗin Kwamfutoci a Ƙaramin Shago ko Ofis

Duk wanda ya taɓa shiga shagunan buga takardu da ke wajejen Ƙofar Ƙaura ko kan titin IBB a Katsina a ranar da sakamakon WAEC ko NECO ya fito, ya san yadda hankalin mai shago yake tashi idan kwamfuta ta ƙi shiga intanet alhali ɗalibai sun yi layi har waje. Kalmar da take fara fitowa daga bakin kowa ita ce "babu sabis", sai a ɗora wa kamfanin sadarwa laifi a zauna jira. Sau da yawa kuwa matsalar tana cikin ɗakin, tsakanin kwamfutar da bangon da ke bayanta. Don haka ƙa'idar aikin ita ce a fara bincike daga abin da ya fi kusa da hannu, a riƙa matsawa waje sannu a hankali, kuma kada a sauya abu biyu a lokaci guda, domin idan aka yi haka ko an gyaru ba za a san abin da ya gyara ba.

Tambayar farko ita ce: kwamfuta nawa abin ya shafa? Idan ɗaya ce kawai, to kebul ɗinta ko saitinta za a tuhuma. Idan duka ne, hankali ya koma kan suwic, wato akwatin da kebul ɗin kowa yake shiga, ko kan rauta, na'urar da take karɓo intanet ta raba wa kowa. Idan kuma kwamfutocin suna iya tura aiki zuwa firintar da ke kan haɗin amma shafuka ba sa buɗewa, to haɗin cikin gida lafiyarsa ƙalau, daga rauta zuwa waje ne ake da magana.

Daga nan sai a dubi fitilun na'urorin. Bayan an ɗauke wuta an koma janareta ko inbata, rauta takan maƙale, ta nuna kamar tana aiki alhali ba ta raba komai. A kashe komai, a jira kamar rabin minti, a kunna rauta tukuna a bar ta ta gama tashi na minti biyu, sannan suwic, sannan kwamfutoci. A kuma taɓa jikinta da hannu. Yawancin ƙananan rautoci an ƙera su ne su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 40 ba, mu kuwa a watan Afrilu mun san abin da rana take yi a Katsina. Rautar da aka ɗora a kan inbata, ko aka aje a taga tana shan rana don neman sabis, ba abin mamaki ba ne ta riƙa katsewa da azahar ta dawo da la'asar sakaliya.

Kebul shi ne wanda aka fi raina wa, kuma a ganina shi ya fi kowa laifi. A cikinsa akwai ƙananan wayoyi 8 da aka murɗa bibbiyu, kuma bai kamata tsawonsa ya haura mita 100 ba tsakanin na'ura da na'ura. Idan an cusa kansa a kwamfuta ya kamata a ji ya yi ƙas, ƙaramar fitilar bakin ramin ta kama. Idan ɗan harshen robar da ke riƙe shi ya karye, to ko shara aka zo yi aka ɗan ja tebur sai ya zame ba tare da ya fito fili ba. Ƙurar hunturu ma takan taru a ramin, ɓera kuma yana son kebul ɗin da aka bi da shi ta cikin silin. Akwai wata alama da ta cancanci a sani: haɗi mai saurin megabit 100 wayoyi 4 kawai yake amfani da su, na gigabit kuwa, wato mai saurin megabit 1,000, sai da duka 8, saboda haka idan kwamfuta da suwic duk na gigabit ne amma Windows ta nuna 100, akwai yiwuwar waya ɗaya ta tsinke ko ba a matse kan da kyau ba. Gwaji mafi sauƙi shi ne a aro kebul ɗin kwamfutar da take aiki a sa wa mai matsalar.

Na taɓa zuwa ɗakin kwamfuta na wata makaranta inda komai ya tsaya cik, fitilun suwic duka suna walƙiya tare da sauri kamar za su ƙone. Ashe wani yaro ne ya ga kan kebul a yashe a ƙasa, ya ɗauka taimako ne ya cusa shi a suwic, bai san ɗaya kan ma a nan yake ba. Saƙonni suka riƙa kewayawa ba iyaka har suka toshe hanya. Da aka bi kebul ɗin ɗaya bayan ɗaya aka zare shi, nan take aiki ya dawo.

Idan kebul lafiya, sai a tambayi kwamfutar da kanta. A danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta cmd, sannan a baƙin allon da ya fito a rubuta ipconfig. Za a ga lambar adireshin kwamfutar, galibi mai farawa da 192.168, da kuma lambar ƙofar fita, wadda ita ce adireshin rauta, kamar 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Idan adireshin ya fara da 169.254, kwamfutar ta nemi rauta ta ba ta lamba ba ta samu amsa ba, sai ta laƙaba wa kanta wadda ba ta kai ta ko'ina. A rubuta ipconfig /release, sannan ipconfig /renew. Idan kwanan nan aka ƙara rauta ta biyu domin Wi-Fi ya kai wani ɗaki, a shiga saitinta a kashe DHCP, wato tsarin da yake raba wa kwamfutoci lambar adireshi, domin na'ura biyu masu raba lamba a haɗi ɗaya tamkar liman biyu ne a sallah ɗaya.

Sai gwaji uku a jere a wannan baƙin allon da umarnin ping, wanda yake aika ɗan saƙo zuwa wata na'ura ya jira amsarta. Na farko, ping da adireshin rauta; idan amsa ta dawo, hanyar cikin gida a buɗe take. Na biyu, ping 8.8.8.8, wata na'urar Google ce; idan ta amsa, intanet yana shigowa. Na uku, ping google.com. Idan na biyu ya yi nasara na uku ya ƙi, matsalar DNS ce, wato tsarin da yake juya sunan shafi zuwa lamba. A rubuta ipconfig /flushdns, in bai yi ba a sauya DNS ɗin zuwa 8.8.8.8 ko 1.1.1.1.

Wani abin da yake wahalar da masu kwamfutocin gwanjo shi ne agogo. Ƙaramin batirin da ke cikin kwamfutar, mai lamba CR2032, idan ya mutu sai kwanan wata ya koma shekarun baya, shafuka kuma su riƙa cewa haɗin ba amintacce ba ne duk da ping yana amsawa. A gyara kwanan watan, a sayo batiri.

Game da Wi-Fi, bangon siminti da ƙofar ƙarfe suna cinye shi, kuma cikin zanguna biyu da rauta take watsa shi a kai, na 5 GHz ya fi sauri amma bai kai na 2.4 ratsa bango ba. A ɗaga rautar sama, a tsakiyar wurin.

Sai bayan duk wannan ne ake duban waje, a fara da abin kunyar da ba a son faɗa: ko data ta ƙare? Wani lokaci kuma abin ya fi ƙarfin kowa, kamar ranar 14 ga Maris, 2024, da manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna a Najeriya suka ji a jikinsu. A gwada layin wani kamfani a wayar hannu, a tambayi maƙwabci. Ɗan ramin nan da ke bayan rauta wanda ake tsokana da allura kuwa, kada a kusance shi sai an rubuta saitin da kamfani ya sa da kalmar sirrin Wi-Fi a takarda, domin yana goge su gaba ɗaya. Idan za a kira kamfanin, a gaya musu cewa rauta tana amsa ping amma 8.8.8.8 ba ta amsawa, a kuma faɗi launin fitilar intanet da lokacin da abin ya fara.